Yadda na bar bakin injin roba na koma aikin wuta

Shekara goma sha ɗaya na yi a wani kamfanin roba da ke Sharaɗa, a Kano. Na shiga a 2012 ina kwashe kaya daga bakin inji, ina kankare musu gefe da reza. Bayan shekara uku aka ba ni injin kaina, na zama ofareta. Bokiti muke bugawa da baho, wani lokaci kujera. A zuba ƙwayar roba ta mazurari, ta gangara cikin wani dogon bututun ƙarfe da aka naɗe da hitoci, zafi ya haura digiri 200, ta narke, sukurun da ke ciki ya tura ta cikin mol, wato ƙarfen da ke ba ta siffar bokiti, ruwan sanyi ya daskarar da ita, mol ya buɗe baki, bokiti ya faɗo. Ko minti ɗaya ba a cikawa. Haka za ka yini a tsaye sa'a goma sha biyu, mako guda aikin rana, mako guda aikin dare. Har yau in na ji warin ƙonanniyar leda a kan hanya sai na ji kamar an kira ni bakin aiki.

Akwai doka ɗaya da ba a wasa da ita: ofareta ba ya buɗe akwatin wutar inji. In inji ya tsaya, naka shi ne ka danna jan maɓalli ka kira mai wuta. Namu wani dattijo ne, Baba muke ce masa, kuma da yake idonsa ya fara rauni, ni ne mai riƙe masa tocila. A nan na fara jin sunayen abubuwa. Wannan kontakta ce, ita ke haɗa wuta da mota, wato motar lantarki da ke juya injin. Wannan obalod ne, shi ke yanke wuta in mota ta ja fiye da ƙarfinta. Wannan haɗin sta-delta ne, don kada babbar mota ta fizgi wuta da yawa lokacin tashi. Kafin ya sa hannu a ko'ina sai ya kashe babban makunni, ya sa masa ƙaramin kwado, ya jefa makullin a aljihu. Mu samari dariya muke yi masa, muna cewa tsoro ne na tsufa.

Ba korata aka yi ba. A 2022 ne farashin dizal ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan watanni, bayan yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke. Kamfanin roba kuwa ba ya jure ɗauke wuta, don in wuta ta tafi robar daskarewa take yi a cikin bututu, sai an sake dumama ta daga farko. To wutar KEDCO, kamfanin rarraba wuta na Kano, ba tabbas, janareta kuma ya zama mai cin riba. Sai aka fara rage kwanaki. Mako guda ka yi aiki kwana huɗu, wani makon uku, albashi kuma gwargwadon kwanakin da ka shiga. Ina da mata da 'ya'ya huɗu, ga gidan haya. Na zauna na lissafa abin da na iya a duniya, sai na ga bai wuce injin nan ɗaya ba, kuma injin ba nawa ba ne. In aka rufe ƙofar kamfanin, ba wanda zai kira ni gidansa ya ce zo ka buga min bokiti.

Da na faɗa wa Inna niyyata ta koyon aikin wuta, sai ta yi shiru, can ta ce, "Kai ɗan nan, kada dai ka saki reshe ka kama ganye." Shi ya sa ban saki ba. Kusan shekara guda ina riƙe da biyun. Uwargida kuwa cewa ta yi, "Maigida, in kai za ka jure a aike ka sayo salatif, ni zan jure garau-garau." A lokacin ban gane inda maganarta ta dosa ba.

Wanda na je koyo wurinsa ɗan unguwarmu ne, na girme shi da shekara takwas, ni na san lokacin da yake yawo da gajeren wando. Ya karɓe ni ba tare da ya nemi ko kwabo ba, amma ya ce abu ɗaya: a wurin aiki babu wa babu ƙane. Ni ina ce masa Oga, shi kuma ya kasa daina ce min Yaya. Sai ka ji, "Yaya, don Allah miƙo min tsani," ko "Yaya, a share wurin nan kafin mai gida ya zo." Masu gida su yi ta kallonmu, sun rasa gane waye yaron waye. Ranar da ya aike ni bakin titi sayo salatif da ruwan leda a gaban wani abokin karatuna na sakandare, na tuna maganar uwargida. Na je na sayo.

Wata uku na farko ban taɓa wayar wuta ba. Fasa bango ne kawai, da guduma da kurfi, a fitar da hanyar fayif, a binne akwatin soket daidai tsayi ɗaya a kowane ɗaki. In gini mai dekin ne, kafin a zuba kankare sai mun hau mun shimfiɗa fayif tsakanin rodi, mai milimita 20 ko 25, mun ɗaure da waya, mun toshe bakin kowanne da takardar buhun siminti. Ranar zubi kuma dole ɗayanmu ya tsaya a kai tun safe, don leburori ba ruwansu, su taka fayif ya fashe, kankare ya shiga, sai bayan wata biyu ka zo zura waya ka tarar hanya a toshe. Wanda bai taɓa fasa dekin yana neman fayif ɗin da ya toshe ba, bai san baƙin cikin sana'ar nan ba. Ina tashi daga aikin dare ƙarfe bakwai, in yi barcin sa'a uku, in nufi wurin gini. Na rame har ana tambaya ko lafiya.

Lissafin bai ba ni wuya ba, don na yi sakandare kuma na saba karanta mitocin inji. Ka raba wat da bolt, ka sami amfiya. Wutar gida a nan ƙasar bolt 230 ce, don haka hitar ruwa mai wat 3,000 tana jan amfiya 13, daidai iyakar fulogin nan mai baki uku. Daga nan ne za ka san kaurin wayar da za ka sa, a ma'aunin sikwaya milimita: 1.5 ga fitilu da fankoki, 2.5 ga soket, 4 ga na'urar sanyaya ɗaki da hita, 10 ko 16 ga babban layin da ya shigo daga mita zuwa akwatin rabo. Bireka kuma, wato makunnin da ke faɗuwa ya yanke wuta in ta yi yawa, wayar take karewa, ba kayan da aka jona ba. Wannan magana ta ƙarshe sai da Oga ya maimaita min ita ya fi sau goma, saboda mutane da yawa in bireka ta dame su da faɗuwa sai su sa mafi girma, wayar ta yi ta dahuwa a cikin bango ba wanda ya sani.

A ƙarshen shekarar na zauna jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wadda kowa ya sani da Tired Tes. Mataki uku ne, ana farawa daga na uku a haura zuwa na ɗaya. Akwai tambayoyi, akwai gwajin hannu. Ni fitila ɗaya mai makunni biyu na haɗa a kan allo, irin ta matattakalar bene. Na sami mataki na uku. Gaskiya ba mai gidan da ya taɓa cewa in nuna masa takardar, amma ita ce ta fara sa ni jin cewa ba kame-kame nake yi ba.

Na ajiye aiki a watan Maris na 2023, ana tsakiyar wahalar canjin kuɗi, lokacin da mutum zai kwana a layin banki don naira dubu biyar. 'Yan kuɗin sallamar da aka ba ni da kuma ɗaukar adashin uwargida, su na haɗa na sayi kayan aiki: mitar gwaji, mitar maƙale waya, injin huda bango, giranda, tsani mai ninkewa, filaya da sukundireba masu rufin roba. Oga ya sa min albarka, ya kuma ba ni aikina na farko daga cikin nasa, wani gida mai ɗaki uku da falo a wajen Ɗorayi.

A nan ne na gane cewa wayar ba ita ce sana'ar ba. A kamfani akwai mai sito, akwai akawu, akwai mai sayo kaya, akwai wanda ke ciniki da dillalai. Ni nawa danna maɓalli. Yanzu duk ni ne su, kuma ba wanda na iya aikinsa a cikinsu.

Mai gidan ya ce in ba shi kuɗi a dunƙule, kaya da aiki. Na zagaya ɗakuna na ƙirga maki, wato kowane gurbin fitila da soket, na je Faransa Rod a Sabon Gari na tambayi farashi, na rubuta a takardar makarantar ɗana, na ɗora abin da nake ganin ladana ne. Ban sa kuɗin Adaidaita Sahu na ɗauko kaya ba. Ban sa abincin yaron da zai taya ni ba. Ban sa asarar waya ba, wadda dole a yi ta a kowane lanƙwasa da kowane akwati. Muka shirya a tsakiyar watan Mayu, ya ba ni rabi kafin alƙalami, na sayi fayif da akwatuna na binne, na bar sayen waya sai an gama filasta. Ranar 29 ga Mayu aka rantsar da sabon shugaban ƙasa, ya ce tallafin mai ya tafi. Litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500. A watan Yuni kuma aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Waya kuwa jan ƙarfe ce, jan ƙarfe kuma da dala yake tafiya. Da na koma Faransa Rod a watan Yuli, kuɗin da na ware ya kasa sayen naɗin wayar da gidan ke buƙata.

Mai shagon ya ga fuskata, sai ya jawo wani naɗi daga ƙasan kanta, ya ce, "Maigida, ga wannan, kusan rabin kuɗi, kuma ba mai ganewa in ta shiga bango." Na ɗaga ta, ba nauyi. Na fere bakin da wuƙa, na kankare jan da ke sama, sai ga fari fat a ciki. Alminiyam ce aka shafa mata jan ƙarfe. Irin wannan ba ta ɗaukar abin da aka rubuta a jikinta, tana zafi, tana karyewa a bakin sukuru, mahaɗarta na saki da daɗewa. Ba zan yi ƙarya ba, na daɗe a tsaye da ita a hannu. Abin da ya hana ni ba wani tsoron Allah ne mai yawa ba a wannan lokacin, tunanin cewa gidan a sunan Oga aka ba ni shi ne. Na sayi ta ƙwarai, ta gida, irin su Cutix da Coleman da Nigerchin waɗanda masu sana'a suka yarda da su, su ma sai ka duba da kyau don ana buga na jabu da sunansu. Na koma wurin mai gida in roƙi ƙari, ya ce, "Malam, ai mun yi magana." Gaskiyarsa. Na yi mako uku a gidan nan, na fita da bashi a kaina.

Tun daga ranar na raba takarda biyu. Kaya daban, ladan aiki daban. Farashin kaya na kwana uku ne, in ya wuce sai an sake tambaya. In mai gida ya yarda, mu je kasuwa tare ya biya da hannunsa, ya ga ba na cin ko sisi a kai. Ladan aiki kuma rabi kafin a fara, sauran kafin in haɗa akwatin rabo. Wannan na ƙarshen wani tsohon birkila ne ya koya min, ya ce duk aikin da ka bari fitila ta kama kafin a sallame ka, to ka shiga layin "zo gobe". Akwai wani Alhaji da na yi wa aiki kafin in koyi wannan darasi, har yau sunansa na cikin littafina. 'Yan uwa kuwa ba a magana. "Ai namu ne" ta cinye min kwanaki da yawa.

Wuta ta kama ni sau ɗaya, kamun da ba zan manta ba. Wani shagon ɗinki ne a kasuwa, soket ɗinsu ke ƙonewa. Na zare katawut, wato fiyus ɗin da wuta ke bi ta shigo shagon, na sa a aljihu, na taɓa testa, ba ta kawo haske ba, na kama aiki hankali kwance. Ashe shagon na da layi na biyu daga masu maja, masu sayar da wutar janareta, kuma wanda ya haɗa musu bai sa makunnin sauya layi ba, kawai ya cusa wayar a bayan wani soket. Ina riƙe da waya tsirara mai maja ya tayar da injinsa. Na ji kamar an maka min taɓarya a ƙirji, hannuna ya ƙanƙame. Allah ya sa a kan benci nake, da na yi baya sai bencin ya kife, faɗuwar ce ta ƙwace ni. Na zauna a ƙasa cikin ƙyallaye, telan na ta salati yana yayyafa min ruwa. Baba ne ya faɗo min a rai, da ɗan kwadonsa da muke yi wa dariya. Yanzu tambayata ta farko a kowane wuri ita ce, wuta nawa ke shigowa nan? Ta KEDCO, janareta, inbata, layin maƙwabci, sai na ga kowanne da idona na raba shi. Testar nan mai kama da biro kuma na daina ba ta amanar raina, da mita nake gwadawa, kuma sai na fara gwada mitar a inda na san akwai wuta. Ina kuma matsa wa masu gida su sa birekar nan mai yanke wuta da zarar ta ji yoyon miliamfiya 30, musamman a layin banɗaki da kicin. Yawancinsu sai sun ji farashi su ce a bari sai gaba.

Shekarar farko wayarin gida kawai nake bi, kuma masu yin sa sun yi yawa. Kowane layi akwai yaro da filaya a aljihu wanda zai karɓi rabin abin da ka faɗa. Abin da ya fitar da ni, abin da na ɗauka na baro a Sharaɗa ne. Wani maƙwabcina ya kai ni Kura wurin ɗan'uwansa mai injin casar shinkafa. Motar injinsa ta ƙone sau biyu cikin wata huɗu, kowane karo sai an kai ta naɗi. Na buɗe akwatin, sai na ga an tsallake obalod da guntuwar waya saboda yana yawan yanke musu aiki. Na gwada layukan wuta uku da ke shiga motar, ɗaya na zuwa yana tafiya. Motar layi uku in layi ɗaya ya ɗauke tana cikin gudu ba ta tsayawa, gurnani take yi tana jan wuta fiye da ƙima a sauran biyun har ta gasa kanta. Abin da obalod ɗin ke ta faɗa musu ke nan, suka toshe masa baki. Na mayar da shi, na saita shi daidai da amfiyar da ke rubuce a jikin motar, na ƙara na'urar da ke kashe inji in layi ɗaya ya ɓace, na ɗaure mahaɗar da ta saki a katawut. Aikin yini ɗaya. Mai injin ya biya ni nan take ba ciniki, ya ƙara min da kwano biyar na shinkafa. Kafin wata ya ƙare mutum uku sun kira ni daga garin. Daga nan sai masu gidan ruwan leda, masu injin niƙa, masu sumon rijiyar burtsatse. Su waɗannan ba sa cewa zo gobe, don kowace sa'a da inji ke tsaye kuɗinsu ne ke zuba.

Sola kuma ita ta zo ta same mu. A watan Afrilu na 2024 aka ɗaga kuɗin wuta na rukunin A, wato unguwannin da suka fi samun wuta, zuwa naira 225 kowane yunit, daga abin da bai kai 70 ba. A watan Oktoba kuma manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, jihohi da dama suka kwana fiye da mako cikin duhu. Duk mai ɗan hali sai ya fara tambayar faranti da batir da inbata. Na sake komawa yaro na wata biyu a wurin wani mai haɗa sola, wannan karon ba tare da jin kunya ba. Wutar batir halinta daban, bolt kaɗan amma amfiya mai yawa, shi ya sa wayarta ke da kauri, kuma sifana ɗaya ta faɗa tsakanin kawunan batir sai ka ga ƙarfe na narkewa. Wahalar sola ita ce gaya wa mutum gaskiya. Yana son firji da dutsen guga da na'urar sanyi a kan batir biyu, in ka ce ba zai yiwu ba sai ya tafi wurin wanda zai ce masa zai yiwu.

Aiki ɗaya ne ba na karɓa ko nawa ne, tsallake mita. Ana tambayata kusan kowane mako, har da mutanen da ke sahun gaba a masallaci. Laifi ne a dokar lantarki ta 2023, kuma ranar da aka kama, mai gidan zai ce ai mai wuta ne ya yi.

Na yi wa sana'ar rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, saboda wata makaranta ta ƙi biyana ta asusun kaina. Yanzu ina shirin neman shaidar NEMSA, hukumar da aka kafa a 2015 don duba ingancin aikin lantarki da tantance masu yin sa, don ba tare da ita ba manyan ayyuka sai dai in yi su a ƙarƙashin sunan wani. Kuɗin shiga kuwa ba shi da ranar zuwa. Akwai watan da na samu ninki uku na tsohon albashina, akwai watan damina da gine-gine suka tsaya muka koma garau-garau ɗin da aka yi alkawari. Ba fansho, ba hutun rashin lafiya. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni kwana biyar, kwana biyar ɗin nan babu su. Inna har yanzu in na je gaishe ta sai ta tambaya, "To, ana dai samun na cefane?"

Watan jiya sai ga kira daga tsohon kamfaninmu. Baba ya yi ritaya ya koma garinsu, wanda aka ɗauka a madadinsa ya tafi, inji biyu na tsaye. Na je da yarona yana ɗauke da jaka. Injina ne ɗaya daga ciki, har da ɗan tabon da na yi masa da reza a jikin murfi. Na kashe babban makunni, na sa kwado, na jefa makulli a aljihu, na buɗe akwatin da aka hana ni taɓawa shekara goma sha ɗaya. Kontakta biyu sun ci wuta, hita ɗaya ta mutu. Na rubuta takarda biyu, kaya daban, aiki daban, na miƙa wa manaja. Ya duba, ya ɗago kai ya ce, "Haba, kai da kake namu?" Na ce, "Ranka ya daɗe, rabi kafin a fara, kuma farashin kayan na kwana uku ne." Ya ce zai kira ni. Yau kwana goma sha tara.